Kafin ku haƙa wa ƙauye rijiya, ku ji yadda tawa ta ƙare

Ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa in ga abin da suke shiryawa shi da abokansa. Sun buɗe neman gudummawa a intanet, za su haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a wani ƙauye da suka taɓa kai wa ziyara. Na ce, "Ɗana, ranar da famfon ya tsaya, wa zai gyara?" Ya ce, "Haba Kawu, ai sabo ne fil, kuma mutanen gari za su kula da kayansu." Wannan amsar ita na taɓa ba wani dattijo ina saurayi, kuma shi ma ban saurare shi ba.

Mu ma ƙungiya muka kafa, matasa ne da muka fara ɗaukar albashi, zuciya cike da tausayi. Mun ga yara suna shan ruwan kududdufi tare da dabbobi, mun ga amai da gudawa yana kwashe su, muka ce ba za mu zuba ido ba. Muka tara abin da muka tara, muka je wurin shugabannin ƙauyen. Aka kira taro, maza zalla. Aka yi ta sa mana albarka. Da muka tambayi inda za a haƙa, aka nuna mana fili kusa da gidan wani mai faɗa a ji, muka ce to. Matan da ke ɗibar ruwan da yaran da ke ɗaukar jarka, ko ɗaya ban tambaya ba. Gidajen da ke can gefen gari, waɗanda su ne talakawan gaske, ban ma san da zamansu ba. A idona duk mutumin ƙauye talaka ne, ban san cikin ƙauye ma akwai mai shi da marar shi, akwai wanda ake jin maganarsa da wanda ko zama a taro ba ya yi.

Famfon hannu muka sa. Ya yi aiki na wani lokaci, sannan robar cikinsa ta cinye, ruwa ya daina hawa. Abu ne ƙarami, amma babu makanike a kusa, babu wanda ya san inda ake sayar da kayan gyara, babu asusun da aka ware. Saƙon da ya iso mini shi ne, "Famfonku ya lalace." Ran nan na yi fushi, na kira su butulai a gaban abokaina. Ina jin kunyar wannan kalmar har yau, domin gaskiya suka faɗa. Mu muka zaɓe shi, mu muka biya, mu muka yi bikin buɗewa. Namu ne.

Duk da haka ba zan yarda a ce ɓarna zalla muka yi ba. Watannin da famfon ya yi yana aiki, yara sun sha ruwa mai tsabta, kuma wa ya san rai nawa hakan ya tsirar? Guminmu muka kashe, ba mu ci kwabon kowa ba. Babu wanda ya koya mana. Kuma manyan da suka fi mu ilimi da kuɗi sun faɗa ramin. A 2006 aka yi alƙawarin sama da dala miliyan 16 daga Amurka don yaɗa PlayPump, wani lilo mai juyawa da aka ce yara na wasa a kansa ruwa na hawa tanki. Bayan 'yan shekaru aka tarar a Mozambik mata ne ke tura shi da ƙarfin tsiya, wasu kuma sun lalace babu mai gyara. Bincike a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya sha nuna cewa kusan famfo ɗaya cikin huɗu, ko fiye, ba ya aiki. Nakan faɗa wa kaina wannan in ji sanyi, amma sanyin ba ya daɗewa, don dattijon nan ya gargaɗe ni tun kafin a sa injin haƙa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ce matsalar kyauta ce, a koma bashi. Na ji labarin Muhammad Yunus na Bangladash, wanda ya fara ranta wa talakawan ƙauyen Jobra 'yan kuɗi a 1976, abin ya zama bankin Grameen a 1983, daga baya ya kai shi ga kyautar Nobel a 2006. Na ɗauko kan labarin na bar gangar jikinsa. Muka ce za mu ba mata jari su yi sana'a su riƙa biya duk mako. Wa ya rubuta sunayen? Mutanen da suka nuna mana filin rijiya. Jerin ya fito cike da matansu da 'yan'uwansu. 'Yan ƙalilan marasa galihu da suka samu shiga kuwa, mun ba su kuɗin ne a daidai lokacin da rumbu ya ƙare, amfanin gona bai nuna ba. Wadda yaranta ke kwana da yunwa, ɗaya kuma na kwance da zazzaɓi, ba za ta sa kuɗi a sana'a ba. Abinci da magani suka cinye jarin, ranar biya kuma ba ta fashi.

Akwai wata baiwar Allah, mijinta ya rasu, ta sayar da akuyarta guda ɗaya da take da ita don ta biya ni. Na sani, an gaya mini kafin ta iso. Na karɓi kuɗin na rubuta a littafi, ina gaya wa kaina cewa in na yafe mata sauran ma za su ƙi biya, asusun ya mutu. Watakila haka ne, har yanzu nakan kare kaina da wannan hujjar. Amma na shiga ƙauyen ne don in rage talauci, na fito na bar mace ɗaya ba ta da ko akuya.

Daga baya na gano matan suna da nasu adashen tun kafin in san hanyar garin, kuma bashina ne ya wargaza shi, don kowa ta koma neman abin biyana. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani tsari a yankin Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara, wanda aka gina kan irin wannan tanadin. Mata su haɗa kansu, su zuba nasu kuɗin duk mako, su ranta wa junansu, ƙarshen zagaye su raba da riba. Ba a kawo musu jari daga waje. A irin waɗannan ƙungiyoyi akwatin kuɗin kan zo da kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku daban. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, miliyoyin mutane na cikinsa. Abin da nake nema yana gabana, na taka shi na wuce.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, 'ya'yana, amma da na zauna sai na ga kaɗan ne ke da amfani.

Ku je ku kwana a ƙauyen kafin ku tara ko sisi. Ku ajiye wayar nan. Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne ba ku iya zama ku yi shiru, kuna isa wuri kun fara ɗaukar bidiyo, tsohuwa na magana kuna duba yadda ta fito a hoto. Ku gaida shugabanni, dole ne, ba a shiga gari ta bayansu. Amma kada ku karɓi jerin sunaye daga hannu ɗaya. Ku taka da ƙafarku zuwa gidajen ƙarshen gari, ku sa mace ta zauna da mata su kaɗai.

Kada ku ba da komai kyauta. Ko rijiya ce, sai an kafa masu kula da ita, an san abin da kowane gida zai riƙa zubawa, an koya wa wani ɗan gari gyara, an san shagon da ke da kayan. In suka ƙi zuba komai, ba rijiya ce damuwarsu ba, ku tambaye su mece ce.

Na san na ce kada a ba da kyauta, amma wanda ya kai ƙarshen talauci ku ba shi kyauta, kada ku ranta masa. Ƙungiyar agaji ta BRAC ta fara haka a Bangladash a 2002: a ba gida dabba ko kayan sana'a, a haɗa da ɗan kuɗin abinci don kada a sayar da dabbar, da horo, da ziyara a kai a kai har kusan shekara biyu. Binciken da aka wallafa a 2015 a kan wasu ƙasashe shida da aka gwada tsarin a cikinsu ya nuna abin ya ɗore a mafi yawansu. A Honduras kuwa, ɗaya daga cikinsu, kajin da aka raba cuta ta kashe da yawa, aikin bai yi armashi ba. Ko kyautar ma sai da bibiya. Yaya za ku gane wa za a ba, wa za a ce ya zuba? Sai kun zauna da mutanen, ba wata hanya.

Kuma kada ku ɗauki maganata ku mayar da ita dalilin naɗe hannu. Yaron da ke shan ruwan kududdufi ba zai jira ku gama nazari ba. Na fi son wanda ya yi ya yi kuskure a kan masu zaman majalisa suna zagin gwamnati daga safe har dare. Sai dai ku sani aikin gaske yana shekara ta biyu da ta uku, lokacin da babu taro, babu mai yaba muku a Facebook, sai rigimar wanda ya cinye kuɗin asusu. In kun san ba za ku iya komawa a wannan lokacin ba, ku nemi mutanen da ke zaune a can suna aikin tun kafin ku, ku miƙa musu abin da kuka tara, kada ku nemi a rubuta sunanku a allo.