Gidan bulona da hayaƙin da aka binne a bango

Shekara goma sha shida ke nan ina buga bulo a bayan garin Kano, ta wajen hanyar Madobi. Da inji ɗaya na fara, irin mai jijjigar nan, da yara uku da rijiya guda. Yanzu alhamdu lillahi muna da mutum goma sha ɗaya, kuma nakan karɓi ƙananan ayyukan gini: gida mai ɗaki uku, jerin shaguna, katanga, ajin Islamiyya. A duk shekarun nan siminti ne ke kaɗa ganga, mu kuma namu rawa.

A watan Fabrairun 2024 kiɗan ya fi ƙarfin ƙafarmu. Buhu ya haura naira 10,000, a wasu wuraren ma ya wuce haka da nisa. Gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin, aka ce a riƙa sayarwa tsakanin 7,000 da 8,000, amma a ƙofar shagon dila zance ya sha bamban. Ni kuwa na riga na karɓi kuɗin bulo 2,000 a hannun wata hajiya da tsohon farashi. Alkawari kaya ne, daga aljihuna na cika mata. Bayan nan injina ya yi sati uku ba a kunna shi ba, yara suna zuwa su zauna a gindin darbejiya su tashi.

Cikin wannan zaman kashe wandon ne ɗan yayata, wanda ke karatun injiniya a jami'ar Zariya, ya zo gaishe ni. Ya tarar ina ƙirga buhunan da suka rage a sito ina tsaki. Sai ya ce, "Kawu, ka san kowane buhun nan kafin ya iso wurinka ya riga ya saki hayaƙin da ya fi rabin nauyinsa a sama?" Na ce, "Kai yaro, ana ga yaƙi kana ga ƙura. Ni kuɗin yara nake nema, kai kana yi mini zancen hayaƙi." Ya yi dariya ya ce ai maganar ɗaya ce, in na ba shi minti goma.

Abin da ya koya mini ranar ban taɓa tunaninsa ba, duk da buhunan da suka wuce ta hannuna ba su ƙirguwa. Siminti daga dutsen farar ƙasa ake yin sa. A niƙe shi da yumɓu, a zuba a wani dogon murhu mai juyawa, a gasa har zafin ya kai wajen digiri 1,450. Abin da ke fitowa dunƙule-dunƙule ne da ake kira kilinka, shi ake niƙawa ya zama garin da muka sani. Wutar gashin kanta tana cin kwal ko gas mai yawa, wannan kowa zai gane. Wanda ya ɗaure mini kai shi ne dutsen da kansa: in ya ji wuta, a cikin kowane kilo 100 kusan kilo 44 iskar kabon ce take ficewa ta bi sararin sama. Wato ko da hasken rana aka gasa shi, wannan kason sai ya fita, kuma shi ne ya fi rabin hayaƙin siminti. In aka tattara na duniya duka, siminti kaɗai ke da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, wadda ke ƙara wa duniya ɗumi. Ba a ma sa man tirelar da ta ɗauko shi daga masana'antar siminti ta Obajana ko Ashaka ko Kalambaina ba.

Masu ilimin abin suna da sunan da suke kiransa da shi. Ni dai na sa masa hayaƙin da aka binne a bango, don ranar da mai gida ya karɓi makulli an riga an gama fitar da shi, ba a ganinsa, ba kuma a mayar da shi. Ba zan yi ƙarya in ce tausayin duniya ne ya motsa ni ba. Na dai gane cewa duk buhun da na iya kauce wa, na tsira da kuɗinsa, shi kuma yaron ya tsira da hayaƙinsa. Sai muka shirya a kan haka.

Bayan ƙaramar sallar shekarar na sayi injin matse bulon jar ƙasa, na hannu, daga wani da ya gaji da shi. Irin bulon nan ne mai haƙora, wanda ke shiga cikin juna ba tare da an shimfiɗa kwaɓin siminti a tsakani ba. Mutane sun fi saninsa da sunan Hydraform, kamfanin Afirka ta Kudu, ko da yake hukumar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ita ma ta ƙera nata. Dabarar kuwa tsohuwa ce, tun shekarun 1950 aka ƙirƙiro ƙaramin injin matsewa da hannu a Kolombiya. Mu kuma ai ba baƙin ƙasa ba ne. Kakana magini ne, da tubali da azara ya ci abinci har ya koma ga Allah.

Bugun farko kunya na sha. Na aika direban tifa ya kawo jar ƙasa, ya ga hanyar fadama ta fi kusa, ya loda mini laka mai danƙo ya yafa ja a sama. Ban duba ba. Muka buga bulo wajen 800, muka shanya a rana tsirara kamar yadda muka saba da na yashi. Kafin kwana huɗu duk sun tsattsage kamar ƙafar mai faso. Na tsaya a kansu ina lissafin simintin da na binne a banza.

Ƙanin mahaifina ne ya cece ni, tsoho ne da ya yi wa kakana leburanci tun yana yaro. Na ɗauko shi a babur. Ko kallon injin bai yi ba. Ya tsuguna ya damƙi ƙasar, ya ɗan yayyafa mata ruwa, ya murza ta tsakanin tafukansa har ta yi tsawo kamar igiya ba ta katse ba. Ya ce, "Ɗana, wannan ta tukunya ce, ba ta gini ba." Ya sa aka kawo ta wani rami, ya dunƙula, ya sake ta daga daidai ƙugunsa. Ta fashe gida huɗu ko biyar. Ya ce in ta baje kamar gari ruwa ya yi kaɗan, in ta zauna a dunƙule ruwa ya yi yawa ko danƙo ya yi yawa, wannan ita ce daidai. Da ɗan yayata ya dawo, sai ya zuba ƙasar a kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza ya ajiye. Tsakuwa da yashi suka kwanta a ƙasa, laka ta taru a sama siririya. Kwalbar jami'a da tafin Baba amsa ɗaya suka bayar.

Yanzu aikin ya zauna. Mukan tankaɗe ƙasar da raga, mu auna da kwanon sarki, siminti ɗaya ƙasa wajen goma sha shida, a gauraya a bushe har launin ya zama ɗaya kafin ruwa ya taɓa. Ruwan ɗan kaɗan ne, danshi kawai. Da an matse sai a jera a lulluɓe da leda, a yi ta ban ruwa safe da yamma har sati biyu, kuma ba na barin a ɗauka kafin sati huɗu ko da mai shi zai yi fushi. Siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so, abin da yawancinmu masu bulo muka sani amma muke yi kamar ba mu sani ba.

Ga inda masu tallan bulon nan ba su cika faɗin gaskiya ba. A lissafina, buhu ɗaya yana ba ni bulon jar ƙasa kamar 70, kuma murabba'in mita ɗaya na bango yana cin kusan 40, don shi curi ne, ba rami a cikinsa. Ka ga ya ɗan haura rabin buhu ke nan. Bulon yashi mai inci tara kuwa goma ne ke rufe wannan wurin, in kana fitar da 30 a buhu ka kashe sulusin buhu kawai. Wato in bulo da bulo za a gwada, na jar ƙasa ya fi cin siminti. Ribar tana wajen kwaɓin ɗauri da filasta. Bangon bulon yashi sai an ɗaure kowane layi, sai an yi masa filasta ciki da waje, kafin a gama ya tasam ma kashi uku cikin huɗu na buhu. Na jar ƙasa kuwa a jera shi a bar shi da fuskarsa. To duk ranar da mai gida ya ce sai an shafe shi ciki da waje don kada maƙwabta su gane, riba ta tafi, hayaƙin ma ya dawo har da ƙari.

Kuma suna cewa hakan. Wani alhaji da na yi wa tayin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, shekara talatin da na baro gidan ƙasa a ƙauye, kai ne za ka mayar da ni?" Na ce, "Ranka ya daɗe, Gidan Makama ma na ƙasa ne, kuma sarakuna suka zauna a ciki." Na nuna masa a waya masallacin Dandaji a Jamhuriyar Nijar, wanda Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka zana aka kammala a 2018 da irin wannan bulon, da makarantar Gando a Burkina Faso ta Francis Kéré, mutumin da ya ci babbar kyautar masu zanen gini ta duniya a 2022. Ya ce wannan duk na 'yan boko ne. Abin da hoto ya kasa, zafin bazara ya yi. Wata rana da la'asar ya biyo karɓar bulon katanga, na ja shi ɗan ofishin da na gina da jar ƙasa, na ce ya dafa bangon ta ciki, sa'an nan ya je ya dafa na sito. Ya dafa wannan, ya dafa wancan, ya koma ya sake dafa na farko. Bai ce komai ba. Bayan wata biyu ya ba ni ɓangaren iyali in gina da shi, amma fuskar gidan da ke kallon titi ya ce lallai a yi mata filasta da fenti. Na yi masa.

Akwai abin da ke ba ni tsoro a duk wannan zancen. Kalmar "rage siminti" ai mun daɗe da saninta a sana'ar nan, kuma ba a bakin mutanen kirki ba. Akwai mai fitar da bulo 50 har 60 a buhu ɗaya, wanda in ka ɗaga shi da hannu ɗaya kunnensa ke biyo ka. Shi ma ya rage siminti. In gininsa ya rufta a kan mutane, ban da rayukan da aka yi asara, sai an sake sayen wani simintin a gina daga farko. Don haka akwai wuraren da ba na taɓawa ko da cokali ɗaya: harsashi, ginshiƙi, linta, da kankaren bene. Abin da injiniya ya rubuta shi ake zubawa. Bangon jar ƙasa kuma ba na fara shi daga ƙasa, sai na ɗaga layi uku na bulon siminti ko dutse saboda danshi da ruwan da ke fantsama, in kuma sa kafinta ya fito da bakin kwano sosai. Tsoffin magina da makuba da laso suke kare bangonsu daga damina, kuma duk shekara sai an yi yaɓe. Mutanen yanzu ba mai wannan haƙurin, shi ya sa ɗan simintin nan na cikin bulon yake da amfani.

Sauran ragin a ƙananan wurare yake. Simintin da aka rubuta wa lambar ƙarfi 32.5 a jikin buhu kilinkarsa ba ta kai ta mai 42.5 ba, kuma a 2014 hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta ce na filasta ne, to a nan nake amfani da shi. Ɓaraguzan tsohon gini nakan saya in yi ciko maimakon sabuwar ƙasa. Nakan roƙi masu gida kada su malale tsakar gida kaf da siminti, su bar wurin bishiya ko biyu. Katanga kuwa ita ce babbar ɓarna da ba a magana a kanta: na sha gina wadda ta ci bulo kusan daidai da gidan da take kewaye.

Ita ma jar ƙasar ba kyauta ba ce. Duk tifar da aka kawo mini ta bar rami a wani wuri, kuma duk ɗan Kano ya san abin da kududdufi ke yi da damina, daga sauro har yaran da ke faɗawa. Shi ya sa in ƙasar fili ta ci gwajin Baba, nakan kai injin can, mu yi amfani da wadda aka haƙo daga harsashi da ramin masai. A nan ne nake samun riba ta gaske, don babu kuɗin tifa.

Na gwada tokar ɓuntun shinkafa ma, tunda ga shi nan tsibi-tsibi a wajen masu casa a Kura, kuma ɗan yayata ya ce tana iya maye gurbin wani kaso na siminti. Na ƙona a fili, ta fito baƙa ƙirin da gawayi, bulon ya yi laushi. Ashe sai an ƙona ta da wuta mai ƙa'ida har ta yi fari-fari, a kuma niƙe ta lukui. Ya ce manyan kamfanoni a waje sun fara haɗa siminti da gasasshen yumɓu, wanda zafin wajen digiri 800 ya ishe shi, hayaƙin ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Wannan ba aikin mai gidan bulo ba ne. In ya iso shagon dila da farashin da zan iya, zan saya.

A bayan sito akwai guntun bango da na jera da bugu na biyu, ban rufa masa komai ba, da gangan. Damina biyu ke nan tana dukansa. Layin sama ya ɗan zaizaye a gefen gabas, inda ruwa ke bugowa, sauran kuwa ƙusa ba ta shiga sai da guduma. Duk wanda ya zo tambayar farashi can nake fara kai shi, in miƙa masa ƙusar. Baba ya zo ya gani watan jiya, ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ya ce a samo masa ɓawon ɗorawa zai dafa makuba ya shafa wa rabin bangon, a bar rabin, mu ga wanda zai fi kyau bayan damina mai zuwa. Na aika a tambayo mini a kasuwar Dawanau.