Yaran da Suka Jido Kujeru

Shekarar da aka fara ɗora mini shirya bikin yaye 'yan ajin ƙarshe a sakandaren da nake koyarwa, duk hankalina yana kan masu tafiya. Su na gwada wa riguna, su na koya wa yadda za su hau dandamali su karɓi takarda su sauko ta ɗaya gefen. 'Yan ajin da ke bi musu kuwa, masu jiran gado, aikinsu jidar kujeru da share zaure. Da taro ya zauna suka rakuɓe can baya jikin bango, har aka tashi babu wanda ya ambace su. Biki ya yi armashi, iyaye sun share ƙwalla, shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce, "Malam, ka fitar da mu kunya."

Litinin ɗin da ta biyo baya ƙararrawar safe ta makara da minti ashirin, don mai kaɗa ta yana cikin waɗanda aka yaye. Makullin ɗakin karatu ya bi wata yarinya gida a aljihu, sai fasa kwaɗon aka yi. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Kafin mako ya ƙare, yaran nan da suka jidi kujeru kai a sunkuye sun rikiɗe sun zama dodanni, ko'ina ka waiga ɗan aji ɗaya ne durƙushe a rana. Na kira ɗaya daga cikinsu, yaro mai ladabi wanda da ƙyar ake jin muryarsa a aji, na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam, haka siniyoyi suka yi mana. Yanzu kuma lokacinmu ne." Ba da rashin kunya ya faɗa ba. Yadda mutum zai ce bayan Laraba sai Alhamis, haka ya faɗe ta.

Ashe yaye biyu aka yi a ranar, ni kuwa ɗaya na shirya wa. Ɗayan ya faru ne a bayan zaure, babu jawabi babu shaida: yara sun wayi gari su ne manya, kuma babu wanda ya gaya musu abin da ake yi da girma.

Wannan ya sa na shiga bin diddigin yadda wasu ƙasashe ke yi, kuma na Finlan ya fi tsaya mini a rai. A can 'yan ajin ƙarshe suna barin aji tun a watan Fabrairu domin su je su zauna karatun babbar jarrabawa. Ranar fitarsu suna hawa bayan manyan motoci su zaga gari suna watsa wa jama'a alewa. Washegari kuma rana ce ta 'yan aji biyu ɗungurungum. Su ci ado da tufafin alfarma, su yi raye-rayen mutanen da, waɗanda suka shafe watanni suna koya, a gaban iyaye da malamai. Sunan bikin ma rawar tsofaffi, wai don daga ranar su ne tsofaffin makaranta. Kwana ɗaya tal ke tsakanin sallamar na gaba da naɗin na baya. Ba a barin kujerar ta huce.

A Japan, inda ake yaye ɗalibai a watan Maris, wakilin masu zama ne ke fara tashi ya karanta jawabin rakiya, sannan wakilin masu tafiya ya mayar da amsa. Wato ƙarami ne ke buɗe maganar. Akwai kuma wata al'adar da ba ta cikin takardar tsarin taro: yarinya, sau da yawa daga ajin ƙasa, ta roƙi mai tafiya maɓalli na biyu na rigar makarantarsa, don shi ne ya fi kusa da zuciya. Wannan dai ban kai ta gaban shugaban makarantarmu ba. A Rasha, inda aji 1 zuwa aji 11 ke makaranta ɗaya, ranar ƙararrawar ƙarshe a ƙarshen watan Mayu ɗan ajin ƙarshe ne ke saɓa 'yar aji ɗaya a kafaɗa, ita ke kaɗa ƙararrawar. A Amurka kuwa makarantu da yawa kan zaɓi haziƙan 'yan aji 11 su ja ayarin 'yan aji 12 zuwa wurin bikin, kuma masu tafiya kan rubuta wasiyya ta raha, wane ya bar wa wane wurin zamansa, wance ta bar wa wance haƙurin jure wa malamin lissafi. Duk inda na duba, an ba na baya abin yi a gaban jama'a, abin da ya wuce ɗaukar kujera.

Da shekara ta zagayo na zo da zumuɗi, kuma zumuɗin ya ja mini. Na ga hoton wani biki inda kowane mai tafiya ke kunna wa na bayansa kyandir, na ce lallai sai mun yi. Muka yi da rana tsaka, fankoki na juyawa. Rabin kyandiran suka mutu kafin a miƙa, wani ya ɗiga wa wata a hannu ta kurma ihu, zaure ya ɓarke da dariya. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Daga baya wata malama ta ja ni gefe ta ce, "Malam, yaran nan suna da nasu, kai ne ba ka duba ba." Gaskiyarta. Shekara da shekaru masu tafiya suna raba tsofaffin littattafansu ga na baya, kowa ya zaɓi wanda zai ba, ya yi masa ɗan rubutu a shafin farko. Babu malamin da ya ƙirƙiro wannan, babu kuma wanda ya taɓa kula da shi.

Abin da ya yi aiki ba shi da kyan hoto ko kaɗan. Mun dawo da miƙa muƙamai baya da mako uku kafin ranar yaye, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon shugaban ɗalibai ya riƙa tsayawa gaban taron safe alhali tsohon yana tsaye a gefensa, in ya yi tuntuɓe a gyara masa da yamma a ɓoye. Sannan na sayi littafin rubutu mai kauri na ce duk mai muƙami ya rubuta wa magajinsa abin da shi ba a gaya masa ba. Na zaci zan ga nasihohi irin na jawabi. Mai ƙararrawa ya rubuta cewa agogon ofishin malamai yana gaba da minti huɗu, kada a bi shi. Mai ɗakin karatu ta rubuta wace taga ce ke shigo da ruwa, da sunayen yara uku da ke zuwa su zauna a can lokacin hutun tara don ba su da abokai, ta ce a ƙyale su ko da ba karatun suke yi ba. Shekara tara ina makarantar ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai akwai gadon da ba ya shiga littafi. A shekarar ce na gano wata tsohuwar ɗamara ta fata da ake miƙawa daga aji zuwa aji a asirce, an karce haruffan sunayen waɗanda suka riƙe ta a cikinta, sun fi goma. Da ita ake dukan ƙanana. Na ƙwace, na kulle a durowa, na ji kamar na yi wani abin kirki. Kafin zango ya ƙare an samo wata. Na daɗe kafin na yarda cewa yaran ba fatar suke ƙauna ba. Abin da suke so shi ne wani babba da suke jin tsoronsa ya ware su, ya damƙa musu wani abu, ya ce kai ne bayana. Mu malamai mun kasa ba su wannan, sai suka samo wa kansu, da abin da suka tarar.

Ban ce na magance ta ba. Dukan ya ragu, bai ƙare ba, kuma inda ya ragu ba hukuncina ne ya rage shi ba. Yarinyar da ta yi jawabin rakiya a madadin masu zama ce ta kauce wa takardar da na duba mata. Ta gode wa siniyoyi da sunayensu, wanda ya koya mata lissafi, wadda ta raka ta asibiti, sannan ta ce akwai abubuwan da aka yi musu da ba za su miƙa wa kowa ba, kuma ta faɗe su ɗaya bayan ɗaya. Zaure ya yi tsit. Ni gumi kawai nake yi ina satar kallon shugaban makaranta. Wanda ya tashi mayar da amsa, ɗaya daga cikin masu suna a jikin ɗamarar, ya naɗe tasa takardar ya ce, "Mun ji. Ku yafe mana." Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara, sai ya koma ya zauna.

Littafin yana nan, ya kusa cika, da rubutun hannu iri-iri. Agogon ofishin malamai tuni aka sauya shi da sabo. Amma duk shekara, a makon farko, sai na ga sabon mai ƙararrawa ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Malam, sannu da aiki," ya ɗaga kai ya dubi bango, ya dubi na hannunsa, sannan ya wuce.