Lasau da maganar Mubarak

Alhamis. Hazo tun asuba, daga ƙofar gida ko hasumiyar masallaci ba a hangowa sosai. Na tashi da nishaɗi, don daren jiya na gama halittu biyu na Ƙasar Rairayi, duniyar da na ƙirƙira don wasan labari da muke yi da ƙwayoyin ludo, kuma duka sun yi mini.

Ta farko kadan yashi. Tsawonsa ya kai kwale-kwale uku a jere. Da rani sai ya kwanta a tsakiyar kogi har ciyawa ta tsiro a gadon bayansa, balbelu su yi ta sauka, masu ɗibar yashi su ɗauka tsibiri ne su ɗaure jirgi a jikinsa. Sau ɗaya yake cin abinci a shekara, ranar ruwan farko. Kadojin lambun Gamji na Kaduna ne suka ba ni shi, waɗanda za ka tsaya kallo har ƙafarka ta gaji ba su motsa ba. Gadar da na zana a kansa ma ta can ce, ƙaramar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga da aka gina a Zungeru a 1904 aka ɗauko ta zuwa Kaduna a 1954.

Ta biyu ita ce Lasau, kuma ita ta hana ni sukuni.

Lasau ba ya da jiki. Yana zuwa ne cikin hazo da magariba, yana zaune a kufai, kuma inuwar mutum yake lasa. Wanda aka lashe ba ya jin ciwo, sai dai kullum ya wayi gari ya manta sunan mutum ɗaya da yake ƙauna. Na rubuta cewa duk wanda ya shiga kufan zai jefa ƙwayoyin ludo uku, in bai kai goma sha ɗaya ba ya rasa suna. Na yi ta murna da wannan doka, don ban taɓa yin halittar da takobi ba ya yi mata komai ba.

Da la'asar na biya shagon Mubarak, abokin wasanmu, a Kasuwar Barci. Yana kan keke yana ɗinkin wata shadda, na karanta masa. Kadan yashi ya ba shi dariya, har ya ce maharbinsa na cikin wasan zai hau bayan ya dasa tuta. Da na zo kan Lasau sai ya ɗauke ƙafa daga keken.

"Sake karantowa."

Na sake.

"Malam, ba ya da jiki, yana ganinmu ba ma ganinsa, gidansa kufai, lokacinsa magariba. Me ya rage? Wannan ai aljani ne ka canza masa suna. Kama inuwar kuma maita ce. Ni dai ba zan zauna ina jefa ƙwaya a kansa ba."

Na ce ai ƙirƙira ce, daga kaina ya fito. Ya ce daga kaina ya fito, amma da kayan wa na gina shi? Na ce to zan ba shi abinci da wurin kwana ya zama dabba. Ya ce su ma suna ci, ko na manta dalilin da aka hana tsarki da ƙashi? Nan bakina ya mutu. Bai yi fushi ba, har lemo ya aika aka sayo mini, amma bai janye ko kalma ɗaya ba.

A Keke Napep har gida ina ta juya maganar. Waɗanda suka fara irin wannan wasa, Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, sun saka aljani da ifiritu cikin jerin dodanninsu, kowanne da lambar ƙarfinsa da yawan saran da zai kashe shi. A wurinsu labarin wata ƙasa ne mai nisa. Mu kuwa sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, muna da addu'ar shiga banɗaki, kuma har yau Umma ba ta bari a watsa ruwan zafi a tsakar gida ba bisimilla. Mubarak ba tsoron takarda yake ji ba. Ba ya son abin da ya yi imani da shi ya koma abin wasa a kan tabarma, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tsoron da na fi sani, wanda na tashi da shi, can yake zaune a wurin da ba zan taɓa ba. In na guje shi gaba ɗaya sai in koma kwafo macijin wuta mai fukafukai na Turawa, wanda ba ya tayar wa kowa da tsigar jiki a Tudun Wada.

Bayan isha'i na tambayi Goggo ko a tatsuniya akwai abin da ba aljani ba, ba kuma naman dajin da muka sani ba. Ta ce Dodo fa? Ana ganinsa, yana da ciki, har a farka cikin mutane su fito. Sai na tuna Zanƙallala, ɗan mitsitsin nan mai sandar maciji da hular ƙudan zuma, wanda Dodo ya haɗiye ya fito ya bar shi a mace. Mutanen da sun iya ƙirƙirar abin mamaki mai nama da jini.

Don haka na zauna na ba Lasau jiki: kamar damo amma fari fat, ba ido, harshe kamu biyu, yana barin sawu mai yatsu uku da yawu mai sheƙi a kan ƙasa. Maharbi zai iya bin sa, ya kashe, ya feɗe. Batun manta suna na bar shi, na mai da shi dafin yawun. Ya ragu, na sani. Na farkon ya fi ban tsoro nesa ba kusa ba.

Fa'iza, ita ma abokiyar wasanmu, ta turo saƙo wai kada in taɓa shi, na asalin take so. Ban ba ta amsa ba.

Wuta ta ɗauke, taswirar kogin ba ta ƙaru ba, tari ya dawo.

Gobe bayan Juma'a zan kai wa Mubarak sabon zanen. In ya ce har yanzu da saura, ranar Asabar kadan yashi kaɗai 'yan wasan za su tarar a gada.