Koton roba a garin da babu teku

Shagona yana Wuse a Abuja, kayan kamun kifi nake sayarwa: sandar fatsa, zare, ƙugiyoyi, sai kuma koton roba, wanda shi ke riƙe da shagon. Kusan duk baƙon da ya leƙo sai ya ce, "Alhaji, ina kuma teku a Abuja?" Teku dai babu, amma masu zuwa tekun a nan suke kwana. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da kan sauka Legas ko Fatakwal a ƙarshen mako, wasu su ɗauki kwalekwale su fita ta wajen Tarkwa Bay, wata gaɓar teku a Legas, wasu su tsaya a gaɓa. Ba mai iya shiga jirgin sama da ɗanyen jatan lande, amma fakitin koto aljihun jaka ya ishe shi.

Ni ɗan masunta ne daga Yawuri. Da tana da ƙananan kifi mahaifina ke ɗana mamari, don haka ranar da na fara ganin kifin roba raina shi na yi. Sai da na gan shi a ruwa na yi shiru.

Akwai mai tauri, wanda ido yake ruɗa. Wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa a 1936, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli, ya yi ta gyara har ya riƙa tangaɗi kamar ƙaramin kifin da ya ji rauni. Har yau da sunansa ake sayar da su. Barakuda, wani kifin teku mai kaifin haƙori, ba ya ganin wannan ƙyallin ya ƙyale, shi ya sa ba na barin mai saye ya fita sai na haɗa masa da guntuwar waya ya ɗaura gaban ƙugiya, don haƙoran kifin nan tsinke zare suke yi nan take.

Wanda na fi so kuwa shi ne mai laushi, mai ƙarni. A kwali suna rubuta ƙamshi, mu da muke buɗe murfin mun san ƙarni ne. Irin Gulp na kamfanin Berkley na Amurka a jiƙe yake zuwa cikin ruwansa, siffar jatan lande ko tana ko ƙaguwa. Jikinsa yana shan ruwa kamar soso, da ya faɗa teku sai ya riƙa sakin ƙarnin a hankali. Hancin kifi ai na shinshina ne kawai, numfashi ta wani wuri yake yi. To idan ruwan Legas ya gurɓace da damina, kifi bai ganin taku biyu gabansa, hancin nan yake bi. Abin da nake ta nanata wa masu saye ke nan: a bar shi ya sauka ƙasa, a ɗan girgiza sanda, a dakata. Mai gaggawar naɗe zare ya raba kifi da ƙarnin da ya biya kuɗi dominsa.

Raunin wannan koto shi ne bushewa, kuma da aljihuna na koya. Wani hunturu yaron shagona ya buɗe wa wani mutum roba uku ya gani, bai mayar da murfi da kyau ba. Kwana kaɗan na tarar sun motse sun yi tauri kamar ƙanzo. Kaya ne da dala ake sayo su, na ji zafin asarar ƙwarai. Tun daga nan da hannuna nake duba kowane murfi kafin in rufe shago. Haka wanda ya bar shi a ƙugiya ya kwana, da safe sai da wuƙa zai cire. A zare shi a mayar cikin ruwansa, a wanke ƙugiya da ruwan famfo, in ba haka ba gishirin teku ya sa ta tsatsa.

Ba na yi wa kowa alkawarin kifi. Ranar da ɗanyen jatan lande ke kusa kuma sabo ne, nakan ce wa mutum ya riƙe duka biyun.

Bara kawuna ya zo daga gida ganin likita, ya biyo shago. Na miƙa masa tanar roba, ya murza ta da yatsu, ya kai hanci, ya daɗe yana juya ta. Ya ce, "Ɗana, tarwada za ta ci wannan?" Na ce, "Kawu, na teku ne, amma ku tafi da shi ku gwada." Na ɗaure masa murfin da leda biyu don kada ya zube a mota. Bayan mako uku ya sa aka kira ni a waya, ya ce in aiko masa da roba biyu ta hannun direban Yawuri, masu launin ja.