Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wuta Ba Ta Tafiya Ita Kaɗai

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Inna, amma yau ba zan iya ɗorawa daga nan ba, don tun daren Talata maganar Kawu take yi mini yawo a rai. "Wuta ba ta tafiya ita kaɗai." Haka yake faɗa in yana naɗin koyil ɗin fanka a shagonsa, wayar tagulla a kan cinya, leɓensa na ƙirga zagaye. Ban taɓa tambayarsa da wa take tafiya ba.

Ina aji biyar na sakandare aka yi mana gwajin fiziks. Tambayar gajeriya ce: an ajiye ilektron (ƙanƙanuwar ƙwaya mai ɗauke da cajin lantarki), ba ya motsi, a cikin filin maganaɗisu, wane ƙarfi ne zai taɓa shi? Ni kuwa na haddace F = qvB (F ƙarfin turi, q caji, v gudunsa, B ƙarfin filin maganaɗisu) kamar karatun allo, sai na laluɓo wa v wata lamba na buga lissafi. Ashe amsar sifili ce. Malamin ya ɗaga takardata a gaban aji, ya ce in koma shagon kawuna in ci gaba da naɗin waya, boko ba na kowa ba ne. Dukan da ya sha yi mana na yafe tuntuni. Wannan maganar ce har yau ta ƙi wuce mini maƙogwaro.

Da la'asar Kawu ya dubi fuskata ya ce, "Kai, wa ya taɓa ka?" Na kwashe komai na faɗa masa. Bai san ilektron ba, bai taɓa zama a aji ba. Sai ya ciro maganaɗisun wata tsohuwar lasifika, ya shimfiɗa siririyar waya a kansa.

"Ta motsa?"

"A'a, Kawu."

Ya taɓa bakunanta biyu da batir, wayar ta zabura gefe. Ya juya batirin, ta zabura ɗaya gefen. Ya ce, "Ka gani? Maganaɗisu bai san na zaune ba, sai mai tafiya."

A gaban teburin nan mai baƙin mai na gane abin da zango guda bai koya mini ba. Filin lantarki yana tura caji ko a tsaye yake ko a tafe, kuma bisa layin filin yake tura shi, wato F = qE, inda E ke nufin ƙarfin filin lantarki. Filin maganaɗisu kuwa sai cajin na tafiya, kuma ta gefe yake tura shi. Shi ya sa yake lanƙwasa masa hanya har ta zama da'ira, amma ba ya ƙara masa gudu ko kaɗan. In ma cajin ya bi layin filin ɗoɗar, babu abin da zai same shi.

Sai da na shiga jami'a na karanta cewa a 1820 Oersted, mutumin Danmak, ya ga allurar kamfas ta karkata kusa da wayar da wuta ke bi, kuma a 1831 Faraday ya nuna a Ingila cewa motsa maganaɗisu cikin koyil na haifar da wuta. Na ajiye littafin, hawaye suka zubo mini. Abokin tafiyar wuta ke nan, filin da ke kewaye waya. Lokacin Kawu ya shekara biyu a kabari, ban samu na gaya masa ba.

Yanzu kafin in bar ɗalibina ya ɗaga hannun hagu ya ware yatsu uku na ƙa'idar Fleming, mai nuna gefen da maganaɗisu zai tura wayar da wuta ke bi, sai ya amsa mini tambaya ɗaya: cajin nan a tsaye yake ko tafiya yake yi? Kuma ban taɓa ambatar sana'ar uban yaro a aji ba.

Na haɗu da malamin nan a wani ɗaurin aure, ya tsufa. Na durƙusa na gaishe shi, bai shaida ni ba. Na so in ce masa ni ne ɗan mai naɗin waya, sai aka fara addu'a.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan koma kan Inna.