Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Na Ɗauki Lauya a Bronx

A makon jiya mun tsaya ne a inda aka sallame ni daga asibiti da ƙarfe a ƙafata ta hagu, bayan da mota ta buge ni ina tsallaka titin Grand Concourse da ke yankin Bronx na birnin New York, a Amurka, a ƙarshen shekarar 2017. A lokacin ba ni da niyyar neman ko sisi daga wurin kowa, domin a gidanmu na Katsina an tashe mu ne a kan cewa idan tsautsayi ya auka wa mutum, sai ya rungumi ƙaddara, ya yafe, ya bar wa Allah. A kan wannan niyyar nake har ranar da limamin masallacinmu ya zo duba ni, na gaya masa abin da ke raina.

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, yafiya alheri ce, amma shari'ar Musulunci da kanta ta ajiye diyyar rauni ko da bisa kuskure aka yi shi. Ga iyalinka can gida suna jiran abin da kake aikawa duk wata, su ma suna da haƙƙi a ƙafar nan." Wannan magana ce ta sauya mini tunani.

Yayana da ke zaune a Newark ya ce in kwantar da hankalina, yana da lauyan da ya taɓa yi masa aiki. Da muka kira mutumin, sai ya gaya mana gaskiya cewa lasisinsa na jihar New Jersey ne, hatsarina kuwa a New York ya faru, kuma a Amurka kowace jiha tana da dokarta da kotunanta, ita ce kuma take ba lauyoyinta izinin aiki. Ya ba mu misali da wa'adin shigar da ƙarar rauni: shekara 2 ne a jiharsa, shekara 3 a New York. Sai dai ya gargaɗe ni kada shekara ukun nan ta sa in miƙe ƙafa, domin akwai takardar neman kuɗin magani da dole ta isa kamfanin inshora cikin kwana 30 daga ranar hatsari. Na ce, "Yaya, ka ga wa'adin nan ya riga ya fara tafiya." Ya ce, "To, gobe ma mu fara nema."

A tsakanin nan wani da ban sani ba ya yi ta kira na a waya, yana cewa zai haɗa ni da lauya da likita, har da alkawarin wani abu a hannu. Ban saurare shi ba, kuma ina roƙon 'yan'uwanmu da ke can su guji irin waɗannan 'yan kamasho, domin duk wanda ya san ka ji rauni alhali ba kai ka gaya masa ba, ba lafiyarka ce ta dame shi ba.

Wadda na ɗauka a ƙarshe wata mata ce mai ofis kusa da babbar kotun Bronx da ke wajen titi na 161. Kafin in je wurinta, ɗan yayana ya duba sunanta a rajistar lauyoyi ta kotunan jihar a intanet, ya tabbatar da lasisinta yana aiki. Tambayarta ta farko ta ba ni mamaki: motar ta wane ce? Ta bayyana cewa da a ce ta hukumar birnin ce, da kwana 90 kacal nake da su in shigar da sanarwar neman diyya, in ba haka ba maganar tana iya lalacewa tun ba a fara ba. Daga nan ta yi mini bayanin tsarin jihar dalla-dalla. Inshorar motar da ta buge mai tafiya a ƙasa ita ce ke biyan magani da wani ɓangare na albashin da ya rasa, har zuwa dala 50,000, ba tare da an tsaya binciken wanda ke da laifi ba. Na albashin kashi 80 cikin 100 ne, kuma ba ya wuce dala 2,000 a wata. Diyyar azaba da wahalar jiki kuwa sai raunin ya kai matsayin da doka ta ɗauka mai tsanani, karayar ƙashi kuma tana cikin wannan jeri.

Na gaya mata tsorona cewa direban yana iƙirarin fitila ba ta ba ni hannu ba. Ta ce a dokar da ake aiki da ita a jihar a lokacin, ko da an same ni da wani kaso na laifi, za a rage diyyar ne gwargwadon kason, ba za a hana ni gaba ɗaya ba. Ta kuma ƙara da wani abu da nake so kowa ya ji, cewa rashin takardun zama ba ya hana mutum neman diyyar rauni a New York, kuma kotu tana kawo tafinta kyauta.

Da muka zo maganar ladanta, ta ce kashi ɗaya bisa uku na abin da aka samu, idan ba a samu komai ba kuwa babu ladan da zan biya ta. Na nemi ta nuna mini a rubuce ko kuɗin ɗawainiyar shari'a, irin na takardun asibiti da na likitocin da za su ba da shaida, za a cire su ne kafin a raba ko bayan an raba, ta lissafa mini duka biyun a takarda. Sai da aka karanta mini yarjejeniyar da Hausa sannan na sa hannu. Ta ja kunnena kada in yi magana da wakilin kamfanin inshora sai da saninta, kada in sa hoton kaina a Facebook, kada kuma in tsallake ranar ganin likita ko ɗaya.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda ta kaya ranar da kamfanin inshora ya tura ni wurin likitansa domin ya gwada ƙafar.