Baƙon Maraɗi a Tudun Wada

Daga Maraɗi na zo Zariya da keken ɗinkina, na kama shago a Tudun Wada. Harshe bai ba ni wahala ba, in ban da tsokanar da yaran shago ke yi wa Hausata, lissafin naira ma nan da nan na saba. Barci ne ya ƙi. Dare na yi sai ƙirji ya cushe, baya ya riƙe, ga kewar gida.

Da a can ne, na san abin da gwaggona za ta ce: a kira 'yan bori masu garaya. Na taso ina ganin ana yi wa mara lafiya girka, ana kiɗa ana rawa har iska ya hau, dangi duk sun kewaye shi. A unguwarmu ta nan kuwa ba a ɗauko wannan zance a majalisa.

Wani ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke kawo mini ɗinki daga Samaru ne ya nuna mini yoga, wani salon motsa jiki da sarrafa numfashi, a wayarsa. Ya ce daga Indiya ta fito, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni a 2014. Na ɗauki miƙe baya da jan numfashi sannu a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Gaisuwar da suke yi wa rana kuwa, na ce a kai kasuwa. Bayan nawa ya saki, ba musu.

Ƙirjin dai sai da wani dattijo maƙwabcina ya ce, "Ɗana, wannan zaman kaɗaicin ba zai fisshe ka ba, taso mu je zawiya." Zikirin Juma'a ne, bayan la'asar. Ana hailala da murya ɗaya, jiki na rangaji, numfashi na bin kalmar da kansa har magariba ta gabato. Ranar na yi barci kamar an yi mini duka.

Ban haɗa zikiri da yoga ko bori ba, wanda ake kira daban ne. Sai dai na lura duk ukun ta numfashi da motsin jiki suke bi kafin su taɓa zuciya, kuma a ganina wanda ake yi cikin jama'a ya fi kama baƙo. Juma'ar da zazzaɓi ya hana ni zuwa, dattijon nan ya aiko jikansa da kunu. Ɗinkin Sallar bana ma rabinsa na mutanen zawiya ne.